Ranar da na sauya wa Baba da Inna dekoda

Jiya na shiga gidanmu a Kara-Kara na tarar da tele biyu a kunne, fim ɗaya suke nunawa. Baba na gaban tasa, Inna na gaban tata.

Shekara da shekaru kowa da kamfanin tashoshin tele da yake so, kowa da dekodarsa ta kama tashoshi. Yanzu kamfanonin sun haɗe, tashoshin duk iri ɗaya ne, amma su biyun sun ƙi yarda.

Da suka tashi sallar la'asar, sai na lallaɓa na sauya musu dekoda, ta Baba ga Inna, ta Inna ga Baba.

Inna ta dawo ta zauna, ta ce, "Malam, dubi hasken nawa. Naka kamar an shafa masa toka."

Baba ya ce, "Ke dai saurari murya. Kamfanina ba ya wasa."

Dariya ta tona ni, na faɗi gaskiya. Can Inna ta ce, "Shi ya sa tun ɗazu idona ke yaji."

Baba ya ce, "Hajiya, kada ki ba shi tuwo."

Shekara nawa ban ga bakinsu ya zo ɗaya ba, sai a kaina. Ku a gidanku, wa ya ƙi sauka daga ra'ayinsa?