Aki Bunyau, Mai Roƙon Bishiya

Kafin mata su gama hura wuta a dogon gidan da duk iyalan ƙauyenmu ke zaune a ciki, Aki Bunyau ya riga ya ɗauki ƙunshin shinkafarsa, ya kwance kwalekwale, ya yi sama da kogi. Babu mai yi masa rakiya. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa suna can birnin Pontianak suna aikin kanti. Kowa ya san inda ya nufa: ƙarshen gonar duriyan da muka gada, inda ɗan ragowar daji ya tsaya tsakaninmu da gonar kwakwar manja ta kamfani. A nan mayas suke, jajayen goggon birin nan masu dogon hannu, waɗanda yanzu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Duriyan wani babban ɗan itace ne mai ƙaya a ɓawo da zaƙi a ciki. Mu ba ma tsinkarsa, jira muke ya nuna ya faɗo da kansa. Mayas kuwa bai san wannan ladabin ba. Da aka sare masa daji sai ya shigo mana, yana yage ɗanye, ya ci rabi ya yar da rabi. Mutum ya shekara yana jira, ya wayi gari ya tarar da ɓawo. Daga nan bindigogi suka fito.

Aki bai iya jawabi ba, ko gaisuwa sai an ja shi. Amma ranar Gawai, bikin girbinmu, ya bari sai da kowa ya ƙoshi, sannan ya bi ƙofa ƙofa da jajayen ƙyallaye. Bishiya ɗaya yake roƙo daga kowane iyali, cikin na bakin daji, a ɗaura mata ƙyalle a bar wa mayas.

"Aki, wai surukanka ne?" in ji Sumping, maƙwabcinsa mai bindiga. "To ka haɗa musu da giyar shinkafa mana."

"Da surukaina ne ai da na more, sun fi wasu kunya. Kai dai ba ni ko wadda tsutsa ta fi so."

Sumping bai ba shi ba. Indai Remi, tsohuwar da bakinta ba ya shiru, ita ta fara bayarwa. "Ɗauki," ta ce, "amma in birin ya tsallako ta biyu, kunnenka zan cire."

Biri dai bai san ma'anar ƙyalle ba, dole wani ya zauna ya nuna masa iyaka. Lokacin duriyan kowane iyali na kafa bukka a gindin bishiyarsa, ana hira, ana dariya, samari na leƙen 'yan mata. Bukkar Aki ita kaɗai ce can nesa. Da ya ga reshe ya motsa ta inda bai kamata ba, sai ya buga gora har mayas ya koma kan masu ƙyalle. Ko birran ma ba ya yarda su saba da shi, wai ranar da suka daina tsoron mutum sun mutu. Haka ya shekara da shekaru, yana jiyo dariyarmu daga nesa. Abin yana ba ni tausayi har yau.

A shekarar da bishiyoyi suka ƙi 'ya'ya, wata uwar mayas da jaririnta a ƙirji ta shiga bishiyoyin Sumping. Indai Remi tana wurin. Ta ce Sumping ya ɗaga bindiga, Aki ya zo ya tsaya a gabansa.

"Matsa, tsoho."

"Ka san bishiyar da marigayiya ta dasa shekarar aurenmu? Daga yau taka ce, har jikokinka. Remi, kin ji ko?"

Babu duriyan da ya kai nata zaƙi a kogin nan, kuma a wurinmu bishiyar da aka bayar gaban shaida ba ta dawowa. Sumping ya sauke bindiga. Tun daga ranar, in Aki zai wuce ta gindinta ba ya ɗaga kai.

Aki, kai ne mai roƙon da bai taɓa roƙa wa kansa ba. Kai ne ka sa yaranmu suka ga mayas da idonsu. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara.

Bana gwiwoyinsa sun gaza, ba ya iya shiga kwalekwale. A Gawai aka yafa masa sabon mayafi, aka yi ta tafi. Ya jira aka gama, ya ce, "Na gode. To wa zai zauna a bukkar?"

Kowa ya sunkuyar da kai.

Jama'ar kogin nan, ba a ce ku zama Aki Bunyau ba. Ku raba kwanakin tsakaninku, kowane iyali ya ɗauki nasa, don kada wani ya sake zama shi kaɗai. Duriyan ya riga ya yi fure, uwar nan ta sake haihuwa, kuma Aki ba shi da sauran bishiyar da zai bayar.