Wanda ke taɓa mini Littafi

Shekarun baya, lokacin da na gama makarantar horon malamai, aka tura ni koyarwa wani ƙauye da ke bayan Dogarawa. Mahaifina ya sa ni a motar siminti daga Malbaza, aka sauke ni bakin hanya, na ƙarasa a amalanke da akwatina da tabarma da Littafi Mai Tsarki da mahaifiyata ta ba ni. A duk ƙauyen ni kaɗai ce Kirista.

Tun ranar farko shugaban lakwal, wato makarantar boko, ya ja ni gefe. Ya ce, “Madam, da ƙyar muka shawo kan mutanen garin nan suka ba mu 'yan mata. In suka ji ƙishin-ƙishin kina koya musu addininki, rana ɗaya za su kwashe 'ya'yansu. Ni kuma dole in rubuta wa sufeton makarantu, kin san inda maganar za ta ƙare.” Na sani. Ko shekara ban yi da aiki ba, takarda ɗaya ta isa ta mayar da ni gida.

Aka ba ni ɗaki a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, kowa Inna yake ce mata. Ba ta da yawan magana. Daga baya na ji cewa limamin garin ƙanenta ne, sai na ƙara kama kaina. Ƙofar ɗakina ta kwano ce, ba kwaɗo, da igiya nake ɗaurewa. Kowace safiya kafin in fita nakan zauna a tabarma in karanta Zabura a hankali, in ajiye Littafin nan ƙasa gefen matashi, in tafi.

Wata rana na dawo na tarar da shi a kan akwati. Na ce mantuwa ce, don ni mutum ce mai tafiya da tunani, nakan tsaya kallon balbelu har in manta tulun da na je ɗauka. Washegari ma haka. Rana ta uku na lura sosai, na bar shi a ƙasa, har na ɗora kofin shayina a kai. Da na dawo kofin yana ƙasa, Littafin yana sama.

Daga nan na zama jandarma mai bin sawun ɓarawo. Na share yashin ɗakin sumul kafin in fita, na canza yadda nake ƙulla igiya. Da rana na tarar da sawun ƙafa ba takalmi, daga ƙofa zuwa tabarma, daga tabarma zuwa akwati. Ba a taɓa kayana ba, ba a taɓa littattafan yara ba. Wanda ya shigo wurin Littafin kawai ya zo. Kuma sawun na Inna ne.

Sai komai ya fara yi mini kama da shaida. In na ga liman ya shigo sun zauna da Inna a inuwar zaure, maganata suke. In yarinya ta yi fashin lakwal kwana ɗaya, an fara kwashewa ke nan. Har tuwon da Inna ke aiko mini na daina ci, na ce cikina ke ciwo. Na rame. Na rubuta takardar neman canjin wuri, na ninke na sa a jaka.

A kwanakin nan ba abin da ya riƙe ni sai wannan Littafin da ake taɓawa. Na sami Dawuda yana kuka a kan masu yi masa kwanto, masu murmushi a fuska da wuƙa a ciki, na ce to, ga ɗan'uwana. Sai dai in faɗi gaskiya, duk maƙiyin da ya ambata fuskar Inna nake sa masa. Amma na lura bai taɓa tsayawa a kan maƙiyan ba. Yakan faɗi tsoronsa ƙarara, sa'an nan ya juya ya danƙa shi ga Allah. Na fara gwada haka, kamar mai koyon ɗaukar tulu a ka. Da haka nake iya tsayawa gaban allo in koyar.

Wata safiya na buɗe Linjila, na faɗa kan inda Almasihu ke koya cewa in wani ya yi maka laifi, ka fara zuwa wurinsa ku biyu kaɗai. Ban so wannan ba ko kaɗan. Gudu ya fi mini sauƙi. Na rufe, na sake buɗewa, maganar tana nan inda take.

Da aka fita hutun ƙarfe goma na ce kaina na ciwo, na koma gida. Igiyar a kwance. Na leƙa. Inna tana durƙushe, damatsanta da danshin ruwa, ta naɗe hannuwanta da gefen mayafi tana ɗaga Littafin kamar jariri.

Na shiga na ce, “Inna, me kike nema a ciki?”

Ko firgita ba ta yi ba. Ta ɗora shi a kan akwati tukuna, sa'an nan ta juyo.

“Mi zan nema, ni da ban san baƙi ba? Ke ɗiyata, ashe karatun naku na lakwal bai koya muku ladabi? Littahin Allah a ƙasa, inda kaji ka shiga! Rannan har kofi kika aza mai bisa. Ni kwana na yi ban yi barcin kirki ba.”

Na ce, “Wa ya gaya miki na Allah ne?”

“Bangon ga na laka ne, ba kurma ba ne. Kullum safe ina jin ki, Dawuda, Musa, Ibrahim. Waɗanga ai ba sunayen 'yan kasuwa ba ne.”

“To, me ya hana ki gaya mini?”

“Ke baƙuwa, kuma malama. Ana yi ma baƙo faɗa?”

Sai na yi tambayar da ta hana ni cin abinci mako uku: “Liman ya sani?”

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko rana na fitowa. “Shi ya ce in riƙa alwala kafin in taɓa.”

Na zauna a tabarma na yi kuka, ita kuma ta tsaya tana mita a kan 'ya'yan zamani. Da yamma na cinye tuwonta har da neman ƙari. Takardar canjin wuri kuwa da ita na kunna murhu.

Ba zan ce kowa ya yarda da ni ba. Wani uba ya cire 'yarsa a shekarar, har yau ban san dalili ba. Amma na yi shekara huɗu a ƙauyen, ba wanda ya rubuta wa sufeto komai. In na tuna, abin da ke ba ni kunya shi ne yadda na iya riƙe maganar Allah da hannu ɗaya, ina nuna tsohuwa da ɗayan. Ƙarfin da na samu a ciki na gaske ne, sai dai bai tsaya ga rarrashina ba, sai da ya tura ni ƙofar da nake tsoro.

Kafin in bar garin Inna ta sa baduku ya ɗinka wa Littafin gafaka ta jar fata, irin wadda malamai ke rataya Alƙur'ani a ciki. Lahadin farko da na shiga majami'a a Konni da ita a kafaɗa, wata dattijuwa ta daɗe tana kallona ta gefen ido. Da aka tashi ta riƙo hannuna ta yi ƙasa da murya ta ce, “Yarinya, faɗa mini gaskiya, me ke cikin jakar nan?”

Na san wannan kallon. Na kwance na miƙa mata.