Merv Kuchel, Tsanin Da Ya Zama Kyaftin

Duk ranar Asabar ta lokacin sanyi, tun ƙanƙarar da ta kwanta kan ciyawa ba ta narke ba, za ka ga tsohuwar a-kori-kurar Merv Kuchel a bakin filin ƙwallon Tarrawil. Shi ke buɗe ƙofa. Ya kori tumakin da suka tsallako shinge, ya tura keken farar ƙasa ya ja layi, ya ɗaura katifu a gindin sandunan gola, ya ɗora ruwan shayi, ya yanka lemo. Kafin 'yan wasa su iso ya jera bandeji a kan benci, don kowane idon sawu sai ya bi ta hannunsa. Shekara talatin da takwas yana wannan aiki, bana ya ce ya isa. In ka lura da shi yana tafiya, kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka.

Ni aka ce in rubuta masa jinjina, kuma gara in faɗi gaskiya tun farko: ƙyashinsa nake ji, har yanzun nan da nake riƙe da biro.

Sunana Graeme Petschel, amma Shaho ake kirana. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kulob ɗinmu ya ga hotona na wasan ƙarshe na 1979. Ga ni can sama, gwiwoyina a kan kafaɗun wani, ƙwallo a tafin hannuna. A irin ƙwallonmu da hannu ake kamawa, kuma ba laifi ba ne ka taka bayan mutum ka cafe ƙwallo a sama, naku ne ko na abokan hamayya, kuma wanda aka taka tsani muke ce masa. Daga wannan cafiya na zura ƙwallon da ta ba mu kofi. Tsanin da ke hoton kansa a sunkuye yake, lamba 31 kawai ake gani. Merv ne. Gwiwata ce ta karya masa ƙashin kafaɗa ran nan, kuma a haka ya ƙarasa wasan bai faɗa wa kowa ba.

Bana gasar garuruwanmu na noman alkama ta cika shekara saba'in da biyar, aka zaɓo zaratan 'yan wasa ashirin da biyu na duk tarihinta. Sunana na ciki, wannan ko makaho ya sani. Na Merv ma na ciki, can wajen ƙarshe. Aka ce mu goma sha bakwai da ke raye mu zaɓi kyaftin a tsakaninmu, kowa ya rubuta suna a takarda. Na so wannan muƙamin kamar raina. Ƙwallo ɗari tara da sha ɗaya na zura a rayuwata. Merv goma sha biyu, biyu daga ciki ma iska ce ta taimaka.

Sai na ɗauki waya, wai gaisuwa.

Na fara da Athol Riordan, wanda muka yi wasa tare. "Shaho, ka makara," in ji shi. "Ka tuna shekarun fari, da aka ce filinmu ya yi tauri, za a haɗe mu da kulob ɗin Boolah? Wa ya riƙa jan tankin ruwa daga madatsar gonarsa yana ba ciyawa, tumakinsa na kallo?"

"Kyaftin ake nema, Athol, ba mai ban-ruwa ba."

"To da ba mai ban-ruwan, a bangon wa za a rataye hotonka?"

Na kira Barry Tischler na Boolah, mai tsaron bayan da na sha wahalar da shi. Na ce ko ba komai shi ya san zafina. Ya yi dariya har da tari.

"Kai tsoho, har yau ba ka gane ba? Kocinmu cewa yake, ku bar kallon Shaho, ku kalli 31. Duk inda Merv ya je ya coge, nan ƙwallo za ta sauka, nan za ka tashi. Ka zaci tsautsayi ke kawo shi gabanka kullum?"

Na ce ni dai na san ƙafafuna ne suka yi tsalle.

"Ƙafafunka, kafaɗunsa. Kuma bari ka ji. Shekara shida da suka wuce jikana ya faɗi a filinku, wuyansa ya bugu. Merv ya durƙusa cikin taɓo ya riƙe masa kai da hannu biyu, minti hamsin, har motar asibiti ta iso. Ya hana kowa motsa shi, har da ni kakansa, sai da ya daka mini tsawa. Likita ya ce da an ɗaga shi da shi ke nan. Jiya jikan nan nawa ne ya tuƙa ni kasuwar tumaki. In za ka sake kira, ka kira da wata maganar."

Na ajiye waya, na tarar da matata Noelene tana kallona ta saman tabarau. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," ta ce. Na tambaye ta wane ne gardin. Ta ci gaba da feraye dankalinta.

Ranar taro, bayan wasan rana, sakatariyar gasa Beryl Nuske ta tsaya a tsakiyar fili ta karanta sakamako. Merv Kuchel, goma sha biyar. Graeme Petschel, biyu. Ɗaya tawa ce, ba zan ɓoye ba. Na ja Beryl gefe na ce ta faɗa mini mai hankali ɗaya da ya rage a gasar nan, in saya masa abin sha.

"Asiri ne," ta ce. "Amma mutum ɗaya na sani da ke rubutu a karkace saboda kafaɗa."

Wannan ya fi faɗuwar ciwo. Ashe Merv ne ya zaɓe ni, ko a karamci ma sai da ya fi ni.

Merv, da kai nake yanzu. Kai ne ka san inda ƙwallo za ta sauka tun tana ƙafar mai bugu, kuma maimakon ka yi tsallen da kanka sai ka je ka kafa baya. Kai ne shekara arba'in da shida kake goge ƙurar gilashin hoton nan duk Asabar, hoton da babu fuskarka a ciki, ba ka taɓa ce wa baƙo "ni ne wannan" ba. Tsani mai kafaɗar ƙarfe, ginshiƙin Tarrawil. Na faɗa, kuma ya yi mini ɗaci a baki.

Al'adarmu ce wanda zai yi ritaya a ɗauke shi a kafaɗa a fita da shi daga fili. Matasa suka taso, Barry ya ɗaga musu hannu, ya tsaya a gefe ɗaya na Merv, ya juyo ya zuba mini ido. Kowa ya zuba mini ido.

"Bar shi, Shaho," in ji Merv. "Gwiwarka ba ta da lafiya."

"Hau, mutumina, kafin in sake shawara."

Muka ɗaga shi, mu tsofaffi biyu muna nishi. Ba mu yi taku biyar ba sai ya ce, "Kai! Ashe daga nan har rumbunan alkamar Boolah ana hangowa. Shaho, duk shekarun nan kana ganin wannan, ba ka taɓa ba ni labari ba?"

Na ce wa Barry mu ɗaga ƙafa, mutumin nan da nauyi yake.

Taku talatin ne zuwa ƙofa. Yau kwana tara ke nan, ban iya ɗaga hannun dama in taje kaina. Taku talatin kacal.

Na gode, kyaftin. Na gode da ruwan, da bandejin, da ƙuri'ar da ban cancanta ba, da kafaɗar da ban taɓa tambayar lafiyarta ba. Ku kuma 'yan wasan yau, masu kallon hoton nan kuna burin zama Shaho, ku sauke ido ƙasa kaɗan. In kun tashi sama, ku tambayi sunan wanda kuka taka tun kuna da ƙarfin ɗaukarsa, don da abokin daka akan sha gari.

Mai hoton jaridar gari ya ɗauke mu ran nan, an rataye sabon kusa da tsohon. Merv na sama yana dariya, hannu a ɗage. Jiya na je na tsaya gabansa na daɗe ina neman kaina. Gwiwarsa ta rufe mini fuska ruf.