Gwiwar da Ta Ƙi Lanƙwasa

Assalamu alaikum. Ni mace ce da ta haura shekara hamsin. A Fassi ta ƙasar Kibiya na yi aure, a nan na haifi 'ya'yana, a nan maigidana ya rasu ya bar ni. A wancan lokaci, in mace ta cika a unguwarmu ni ake aikowa a kira. Wankan gawa wurin gwaggona na koya, kuma aiki ne na durƙuso: gwiwa biyu a ƙasa, ki juya 'yar'uwarki a hankali, ki suturta ta. Ban taɓa ɗaukar gwiwa a bakin komai ba sai da tawa ta dama ta fara ciwo.

Shekaru ciwon ya yi yana cina. Da farko ƙas-ƙas nake ji in na miƙe, daga baya ta riƙa kumbura, har ta kai daga ɗakina zuwa bakin rijiya sai da dafa bango. Na sha sassaƙe, an yi mini ƙaho, babu sauƙi. Babban ɗana da ke aiki a Rano ya kai ni asibiti Kano, aka ɗauki hoto. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi, sai dai a sa mini gwiwar ƙarfe. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, ya yi mana bayani. Ya ce binciken da aka yi kan waɗanda aka yi wa irin aikin ya nuna yawancinsu ciwon kan bar su su koma tafiyarsu, amma da dama durƙuso kan gagare su, kuma wanda bai samu gashin ƙashi sosai a makonnin farko ba gwiwar tana iya sandarewa. Ni da ciwo ya hana ni barci, maganar tafiyar ciwon kawai kunnena ya riƙe.

Farkon damina aka yi aikin, aka sallamo ni da sanduna biyu. Ranar da na dawo na gane komai na gidana a ƙasa yake. Katifa a ƙasa, abinci a tabarma, girki a kujera 'yar tsuguno, banɗaki ma na tsuguno. Matar ƙaramin ɗana, wadda ko ido ba ta iya haɗawa da ni don kunya, ita ke riƙe ni ta hammata a bayan gida tana kau da kai. Sai da kafinta ya huda mini kujerar katako na samu ɗan sirri. Na rage shan ruwa don kada in yawaita kiranta, ita kuma ta gane, ta riƙa ajiye mini kofi ba ta cewa komai.

Gashin kuwa a Kano ake yi, sau biyu a mako. Sai an ɗora ni a acaɓa zuwa Kibiya ƙafa na reto, sannan motar haya da ake cusa mutum huɗu a baya, ni kuma tawa ba ta naɗewa. Na je 'yan lokuta, sai ruwa ya cinye hanya, aka yi wa babban canjin wurin aiki, ƙaramin kuma noma ya sha kansa. Mai gashin ta nuna wa surukata yadda za ta riƙa tura ƙafar a gida. Tana turawa sai ihu ya ƙwace mini, ta saki ta fashe da kuka, ta ce in yafe mata, hannunta ba zai iya azabtar da uwar mijinta ba. Nakan ce ta daure, amma a raina daɗi nake ji in ta saki. Da kaka muka koma, likita ya kama ƙafar ya tura, ta ɗan motsa ta cije. Ya ce naman ciki ya warke a ɗaure, da an zo da wuri da an sa ni barci an lanƙwasa ta, yanzu sai wani aikin, shi ma ba zai yi mini alkawari ba.

Ina cikin wannan hali aminiyata ta rasu, maƙwabciyar da muka yi amarci shekara ɗaya, muka yi goyo tare. Da hantsi 'yarta ta shigo ta durƙusa, ta ce mahaifiyarsu ta bar wasiyya ni zan wanke ta, kada kowa ya buɗe ta sai ni. Aka rirriƙe ni zuwa ɗakin. Ga ruwan magarya, ga likkafani, ga ta kwance. Na ce su sauke ni ƙasa, mata biyu suka kama ni, ƙafar ta miƙe sambal kamar taɓarya, na kusa faɗawa kan gawar. Wata ta ce a ɗora ta a gado in yi a tsaye, amma in na saki sanduna ba na tsayuwa, wanka kuma hannu biyu yake so. A ƙarshe kujera aka ajiye mini a gefen kanta. Surukata ta durƙusa a madadina, ina faɗa mata fara da dama, zuba a hankali, rufe nan. Goshin aminiyata kawai hannuna ya iya kaiwa. Da aka fita da ita na zauna ni kaɗai a ɗakin, don sai an dawo an ɗaga ni.

Yau ciwon ya tafi, wannan gaskiya ne, ina zuwa rijiya da sanda ɗaya. Amma a kujera nake salla, goshina ya manta sanyin ƙasa, kuma an daina aikowa a kira ni. Na karɓi ƙaddara, sai dai na fahimci ranar tiyata ita ce mai sauƙi, wahalar tana watannin da ke biyo ta. Duk wanda za a yi wa aikin gwiwa, ko zai kai mahaifiyarsa, ya tambayi likita yadda za ta yi salla da banɗaki, ya san wanda zai riƙa kai ta gashi, ya duba hanya da damina. In da hali a samar mata masauki kusa da asibiti har ƙafar ta saki. Kuma mai tura ƙafar ya zama wanda zai ji kukanta ya ci gaba da turawa.