Aka Ce Firgici Ne, Ashe Ciwon A Wuyana Yake

Assalamu alaikum jama'a. Wata goma sha ɗaya rabona da sa ko hoton ɗinki a nan. Masu tambaya ko na bar sana'a, da masu tambayar ƙanwata a ɓoye ko ina da rai, to ga ni. Yau za ni ba ku labari.

Da daminar bara, ni da yayana Sani muna dawowa daga kasuwar Bafarawa a kan babur ɗinsa na kabu-kabu, sai muka ji harbi a gabanmu. Muka yar da babur muka faɗa gonar gero. Mun daɗe kwance cikin laka kafin wuri ya yi shiru. Allah ya tsare mu, ko ƙwarzane babu.

Bayan kamar wata biyu jikina ya canza. Zuciya na bugawa kamar ana daka. Zufa ko ina zaune a inuwa. Hannuna na rawa har zare ya ƙi shiga allura, ni da na shekara goma sha biyu a kan keken ɗinki. Ina cin tuwo malmala uku, amma zane na zamewa daga ƙuguna.

A lokacin wata ƙungiya ta zo garinmu Isa tana taimakon waɗanda hare-hare suka shafa. Wata ma'aikaciyarsu mai kirki ta zaunar da ni. Kina barci? A'a. Gabanki na faɗuwa? Ƙwarai. Kin taɓa shiga tashin hankali? Na ba ta labarin gonar gero. Ta rubuta PTSD a katina, ta ce ciwon firgici ne da ke bin mutum bayan ya ga masifa.

Ban musa ba. Ai na ga masifar.

Kowace Laraba muna zama da'ira, a yi hira, a koya mana jan numfashi. Na ji daɗin zaman, na yi ƙawaye, wasu sun samu sauƙi sosai. Ni kuwa sai ramewa nake ƙara yi.

Kafin ka ce me, kalmar "tiroma", wato firgici da Turanci, ta cika unguwarmu. Miya ta yi gishiri, tiroma. Maigida ya manta cefane, tiroma. Har akuyar Innarmu da ta ƙi cin dusa, maƙwabciya ta ce a bar ta, ta ji harbi.

Inna, mahaifiyarmu, ita kaɗai ba ta yarda ba. Ta dube ni ina suɗe kwano ta ce, "Ni dai wanga ciwo ban gane mai ba. Mai tsoro ba ya cin tuwo haka."

Ranar da na yanke jiki na faɗi a gidan suna, mijina Malam Bello ya ce ya isa. Washegari muka bi motar safe zuwa babban asibiti a Sakkwato.

Likitar ta sa na miƙe hannuwa, ta ɗora takarda a kai, takarda na ta karkarwa. Ta ba ni ruwa na sha tana kallon wuyana. Sannan ta ce, "Kina mafarkin ranar? Kina gudun waccan hanya?"

Na ce, "Likita, makon jiya ma na je Bafarawa sayen yadi."

Ta yi dariya, ta tura ni gwajin jini da hoton wuya. Kwana huɗu muka jira a gidan ɗan'uwan Malam. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, na ɗauka ciwon daji ne.

Sakamako ya fito. Ta ce akwai wata 'yar halitta a gaban wuya, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. Tawa aiki take fiye da ƙima, shi ya sa jikina ke gudu kamar injin niƙa. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce in riƙa dawowa gwaji.

Na ce, "To firgicin fa?"

Ta ce, "Ciwo ne na gaske, kada ki raina shi. Amma ba duk wanda ya ga bala'i ke kamuwa ba. Mai shi yakan guji duk abin da zai tuna masa, ƙara kaɗan ta razana shi, ga saurin fushi."

Tana magana, ni Yaya Sani nake gani. Ya sayar da babur ya ce mai ya yi tsada. Ya daina fita wajen gari. In salansar babur ta yi ƙara sai ya duƙe, sannan ya wayance da dariya. Yaransa sun koma tsoronsa. Ba wanda ya rubuta masa komai a kati, don ba wanda ya tambaye shi.

Da muka koma na same shi a zaure. Na ce, "Yaya, tsakani da Allah, mai ne ya raba ka da babur?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Hadiza, har yau in na rufe ido warin lakar nan nake ji."

Da ƙyar ya yarda, amma ya bi mu asibitin a zuwanmu na gaba. Yanzu yana ganin likitansa, ina ganin tawa, mota ɗaya muke shiga muna tsokanar juna. Na yi ƙiba har Inna na cewa a rage min tuwo. Shi kuma ranar Juma'a ya ari babur ya kai har garin Tozai ya dawo.

Alhamdulillahi. Na gode wa Malam Bello, da Inna, da likitata, da matan zaman Laraba, da ku da kuka yi ta addu'a.

Shawarata: in an ba ciwonki suna, ana magani amma ba sauƙi, ki koma ki nemi a gwada jini. Ba rashin kunya ba ne. Sannan wanda kullum yake ce muku lafiya lau a gida, ku zauna kusa da shi ku sake tambaya. Wata tara ina gaida yayana safe da yamma, ban taɓa tambayarsa da gaske ba.