Filtar da Na Auna a Tafin Hannu

A lokacin ni bakanike ne a unguwar Gwange ta Maiduguri, mai ji da kansa. Tinƙahona shi ne hannuna ba ya ƙarya. In aka miƙo mini filtar baƙin mai, sai in ɗaga ta in ji nauyinta, in hura bakinta, in yanke hukunci. Haka maigidana ya koya mini: mai nauyi ita ce ta ƙwarai.

Ina da amini, Babarbare, direban haya a hanyar Damaturu. Motarsa ita ce gonarsa, ita ce kantinsa. Wata safiya ya zo juyen mai, riƙe da filta da ya samo da araha. Kwalinta tsaf, fentinta na ƙyalli. Shi da kansa ya ce hankalinsa bai kwanta da ita ba, in duba masa, in ba ta da kyau ya mayar. Na ɗaga, na ji nauyi, na hura. Har tsiya na yi masa, na ce tsoro ya yi masa yawa, wannan ai ta fi shi lafiya. Ya yi dariya ya ce tunda na faɗa, shi ke nan. Na ɗaura.

Duk ɗan Maiduguri ya san a shekarun nan akwai wuraren da mota ba ta tsayawa a wannan hanya saboda 'yan bindiga. Ba a yi mako biyu ba, yana dawowa da la'asar, injinsa ya buga a ɗaya daga cikinsu. Fasinjojin suka raba kansu cikin motocin da ke wucewa. Sun ce sun roƙe shi ya biyo su, ya ƙi, wai ba zai bar abin da yake ci da iyalinsa a daji ba, a dai turo masa mai janwe. Kafin a samu, an rufe hanya. Da gari ya waye aka tarar da motar, ƙofa a buɗe, butarsa a gefen titi. Shi kuwa har yau.

Garejina aka jawo motar. Na kwance filtar, na sa zarto na yanka. Takardar ciki ta narke kamar tuwon da ya kwana a ruwa, ta toshe hanyar mai. A gindinta kuwa ga wani ƙarfe mai kauri da aka liƙa, ba ya aikin komai sai ƙara nauyi. Don masu hannu irin nawa aka sa shi.

Mutane sun ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na kuma yarda da ƙaddara. Amma ni na san wanda aka tambaya. Ba gawa, ba jana'iza, ba kabarin da zan tsaya in nemi gafara. Matarsa in ta wuce ta kan tsaya ta gaishe ni, ta yi mini godiyar zumunci. Ban taɓa iya gaya mata ba.

'Yan'uwana bakanikai, nauyi ba shaida ba ne, kwali ma haka. In kuna shakka, ku sadaukar da guda ku yanka ku gani, ko ku ce ba ku sani ba. Da na faɗi haka ranar, da ya mayar da ita. Motar tana nan bayan garejina, kullum da ita nake fara haɗa ido.