Siradji, Wanda Ya Kwantar da Agogon Makka Barci

Kullum bayan ya karya, Malam Siradji yakan buɗe ɗan shagonsa na kwano a unguwar Chagoua, ya goge tabarau da bakin riga, ya jira ƙarfen liƙi ya yi zafi. Shekara ashirin da biyu yana haka. Rediyo, na'urar faks ta 'yan kasuwa, kwamfutar da ke farkawa ta rantse yau 1980 muke, duk wurinsa ake kai su. Watan nan zai rufe shagon, idanu sun gaji. Ni kuwa ba zan bari ya tafi shiru ba, saboda agogon Goggo Azumi, yayar mahaifina.

Kakannin mijinta, Alhaji Dauda, sun taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare a nan, suka zauna. Shi ya ƙarasa musu tafiyar a 1998. Ya dawo da agogon lantarki mai jajayen lambobi, ya saita shi da hannunsa a lokacin Makka, awa biyu gaba da namu, har da kuskuren minti huɗu. Bayan rasuwarsa Goggo takan zauna gabansa ta ce, "Yanzu can an kira magariba," idonta ya tafi nesa.

A 2003 ta tashi komawa Gassi, inda ko falwaya ba a kafa ba. Batirin agogon kwana biyu yake riƙewa. In ya mutu, saitin Alhaji ya tafi. Na ce a sake saitawa mana, har yau ina jin kunyar wannan magana.

"Murja, wa zai sake sa mini hannunsa?" in ji ta.

Da muka kai wa Malam Siradji, bai yi mata dariya ba. Ya buɗe bayan agogon yana jone, ya nuna mata wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai kai ƙwayar wake ba.

"Hajiya, wannan shi ke ƙirga lokaci, sauran duk ado ne. Zan ba shi pil, wato ɗan batiri, nasa shi kaɗai, in kashe fuskar. Barci zai yi, amma yana ƙirge."

"In hannunka ya goce fa?"

"Kalas, ya tafi. Ki yi mana addu'a."

Sai da ya liƙa sabon batirin, ya gwada sau uku, sannan ya yanke tsohon layin. Lambobin suka dushe. Goggo ta naɗe agogon a zane ta rungume shi har Gassi.

Malam Siradji, kai ne ka ɗauki minti huɗun wani mamaci da nauyin da suke da shi. Kai ne mai hannun da ba ya rawa.

Wata goma sha huɗu agogon na cikin akwati, baƙi ƙirin. Wani lokaci nakan tarar Goggo ta ɗora tafi a kan murfin, kamar mai lallashin jariri. Ranar da wuta ta iso unguwar, da kansa ya hau mota ya zo ya jona. Rediyo ya ce ƙarfe huɗu. Agogon ya buɗe ido: shida da minti huɗu.

Goggo ta share hawaye ta ce, "Alhaji, har yau kana gaggawa."

Mun gode, Malam Siradji, Allah Ya ba idanunka hutu. Ku kuma masu gyara, kafin ku goge abin da ke cikin na'urar mutum, ku tambaye shi wa ya saita ta.